Ɗauko Damisa Daga Faraku

Tun da muka dawo daga Faraku ban huta da tambaya ba. A tasha tambaya, a bakin coci tambaya, ranar Talata ma a ajinmu na yaƙi da jahilci ba a yi lissafi ba, hirar mota aka yi har aka tashi. Abin da ya fi damuna shi ne labarin ya fara ƙiba a bakin mutane. Da kunnena na ji wani a teburin mai shayi yana rantsuwa wai motar ta mutu a daji, na yi mata karatu a kunne ta farfaɗo. Malamarmu ta ce, "Baba Yohanna, in ba ka son a yi maka ƙari, rubuta da hannunka." To ga shi. Sati biyar na yi ina rubutawa, don hannuna ya fi sabawa da sitiyari.

Ni direba ne. Fiye da shekara ashirin ina jan a-kori-kura, ina ɗaukar masara da dawa tsakanin Zuru da Ribah da Dirin Daji. Surukina, mahaifin matata Saratu, tsohon soja ne, kowa Baba Manjo yake ce masa. Bayan yaƙi aka tura shi kos Ingila, ya dawo da mota. Ta hannu ya saya, wurin matar wani hafsa da ya rasu, aka sako ta a jirgin ruwa zuwa Ikko. Doguwa ce, mai ƙofa huɗu, launin ganye mai duhu, fitila huɗu a goshi, da wata 'yar damisa ta ƙarfe a kan bonet kamar za ta yi tsalle. Daga nan ta samu suna. Sitiyarinta a dama yake, domin lokacin da ta zo mu ma hagun hanya muke bi irin na Ingila. Ba ta daɗe da zuwa ba aka juya hannu a ƙasar nan, ita kuwa ta ƙi juyawa.

A cikinta Baba ya ɗauko Mama Rifkatu daga Kanya ranar aurensu. Ni da na shigo gidan ban taɓa ganin ta tana tafiya ba. A gindin mangwaro na same ta, tayoyi a ƙasa, kaji na ƙwai a kujerar baya. 'Ya'yana sun girma suna zaton akurki ne mai gilashi.

Bana auren Baba da Mama ya cika shekara hamsin, aka sa ranar godiya a coci. Sai Baba ya miƙe a gaban iyali ya ce a motar da ya ɗauko ta, a ita zai kai ta. Mama ta ce, "Na ji, kuma ba zan hau wata ba." Ishaya, ƙanin matata da ke aiki a Abuja, ya ce a sayar wa 'yan gwangwan da wannan ƙarfe a huta, ga jif ɗinsa mai sanyi. Aka yi ta ja. Daga ƙarshe suka yanke: in Damisa ta shigo gida da ƙafarta kafin sujadar ranar, ta zauna har abada. In ta mutu a hanya, a bar wa 'yan gwangwan na wurin. Aka ɗora ta a bayan babbar mota zuwa Faraku a ƙasar Benin, wurin wani tsohon bakanike, Alhaji Muniru, wanda ya yi ƙuruciyarsa a Kwatano yana gyara wa Turawa irin waɗannan motoci. Wata takwas tana can.

Ana saura kwana biyar Baba ya aika a kira ni. Na je na durƙusa.

"Yohanna," in ji shi, "golmo nawa ka yi mini?"

Golmo shi ne noman da saurayi ke yi wa iyayen yarinya a wajenmu kafin a ba shi ita. Na ce, "Damina uku, Baba."

"Na kakanninmu bakwai ne. Saura huɗu. Ɗauko mini Damisa, na yafe sauran."

Mama tana tsince shinkafa a gefe, ta ce, "Bayan jika shida kake bin yaro noma? Ji tsoho." Ni da furfura a gemu, a gidan har yau yaro ne.

Sai ya miƙo mini wani ƙaramin littafi mai baƙin bango. Shafi goma sha ɗaya ya cika da hannunsa, da Hausa, saboda ni. Ya ce, "An ce ka fara karatu. Soja ba ya ba da umarni da baki. Duk halinta na ciki." Kunnen Baba ya yi nauyi, ba ya riƙe waya, saboda haka littafin nan shi ne Baba a aljihuna. Ishaya ya ce zai raka ni, wai don ya zama shaida in ta mutu.

Ranar Laraba da sassafe muka hau motar haya ta Mahuta zuwa Koko. Ishaya ya sa kwat da takalmi mai ƙyalli, aka matse shi tsakanin wata mai busasshen kifi da buhun barkono. Ya yi atishawa har Mahuta. Na ba shi littafin na ce ya karanta mana, tunda shi ya yi jami'a. Ya buɗe, ya juya shafi biyu, ya miƙo mini.

"Tarihi ne kawai, Yaya. Baba ya ga ka shiga makaranta, ya samu mai sauraro."

Na ce, "To, Ogan Abuja."

A Koko muka yi awa biyu muna jiran mota ta cika, na zauna a benci na fara. Rubutun Baba irin na da ne, haruffa riƙe da hannun juna, ba kamar na allon malamarmu da kowane ke tsaye shi kaɗai ba. Sai na bi da yatsa. Shafin farko ya ce: "An haifi Damisa a Ingila, a garin maƙeran mota. Masu irinta a can alƙalai ne da likitoci. Ba ta son ihu, ba ta son gaggawa da safe. Ka gaishe ta kafin ka tayar." Kafin in gama shafin mota ta cika.

Daga Koko muka nufi Bagudo, muka haye Kwara ta kan gada. Wani Alhaji mai fataucin albasa da ke kusa da ni ya ce, "Mi za ku yi Faraku?" Na gaya masa. Ya ce, "Shekara nawa ga motar?" Na ce ta wuce hamsin. Ya riƙe haɓa. "Wagga mota ai ta girmi uwar ɗiyana. Ku kai mata sanda, kada ta faɗi." Duk motar aka yi dariya, Ishaya ya fi kowa.

A kan iyaka, wajen Tsamiya, aka ba mu takarda mu cika. Jami'in ya turo mini tawadar dangwale, na ce a ba ni biro. Na rubuta sunana tsaf, sai dai a layin garin da za ni na rubuta. Ya duba ya ce, "To, Malam, Allah ya kai ka Yohanna lafiya." Aka ba ni wata.

Da muka tsallaka, Turancin Ishaya ya tsaya a Tsamiya. Can Faransanci ake yi, da wasu harsuna, ɗaya kamar Zabarmanci. Ishaya ya yi wa wani mai kaki dogon bayani, mutumin ya saurara cikin ladabi har ƙarshe, sannan ya juyo gare ni ya ce, "Maigida, me yake so?" Daga nan har muka dawo ni ne tafinta.

Abin da na fara lura da shi a ƙasar shi ne manyan kwalabe a kan tebur a bakin hanya, rana na haska su, jawur. Na ɗauka zuma ce, har na ce wa Ishaya mu saya wa Mama tsaraba. Ashe fetur ne. Haka suke sayar da shi, mata da maza, da mazurari da tsumman tacewa. Mu jarka muke sa wa, su kwalba.

A Kandi muka sauka, garin auduga. Masaukin ɗaki ɗaya ne, gado ɗaya, fanka mai kuka kamar injin niƙa. Ishaya ya ɗauki gado, ni tabarma, kuma ni na fi shi barci, don ƙafar gadon ta karye da shi tun kafin ya gama addu'a. Da safe aka kawo mana burodi dogo kamar sandar makiyayi, bayansa da tauri, cikinsa iska. Kofi kuma a kwano suke sha, ba a kofi ba. Na tsoma burodin na ci, ya yi daɗi, amma kafin mu kai tasha yunwa ta dawo. Mutumin da ya saba karyawa da ɗumamen tuwon dawa, wannan gaisuwa ce kawai.

Muka isa Faraku ranar Alhamis wajen ƙarfe ɗaya. 'Yan kabu-kabunsu duk riga iri ɗaya suke sawa da lamba a baya, kamar 'yan ƙwallo. Biyu suka kai mu garejin Alhaji Muniru, muka tarar da ƙofa a rufe. Ba shi kaɗai ba, rabin garin a rufe yake. Ashe al'adarsu ce, in rana ta take sai kowa ya tafi gida ya ci ya kwanta, sai ƙarfe uku. Ishaya ya yi ta dukan ƙyaure, wata tsohuwa ta leƙo ta katanga ta ɗora yatsa a baki. Na samu inuwa na karanta shafi na uku da na huɗu.

Ƙarfe uku daidai Alhaji ya zo a kan keke. Gajere ne, farin gemu, Hausarsa ta zango, kalma uku tamu ɗaya ta Faransa. Ya kama kafaɗuna ya goga gefen kansa da nawa, hagu, dama, hagu, dama. Haka maza ke gaisawa a can in an girmama juna. Ishaya bai sani ba, ya kawo goshi a tsakiya, suka yi karo.

Sannan ya buɗe gareji, ya yaye tamfol ɗin da ya rufe motar da shi.

Ni dai na cire hula. Wannan ba akurkin 'ya'yana ba ne. Fentin yana ɗaukar ido, kujerun fata sun sha mai har suna ƙamshi, gaban direba kuwa katako ne na gaske, mai zane kamar an zuba zuma a ruwa, da agogo-agogo a jere da maɓallai a ƙarƙashinsu. Na zagaya gaba in buɗe bonet, na yi ta laluben makama ban samu ba. Alhaji ya bar ni na wahala, sannan ya ja wani abu a ciki, bonet ya ɗaga daga wajen gilashi ya kifa gaba.

"Ba a shigar mata ta fuska," in ji shi. "Madam ce."

Ya nuna mini injin. Silinda shida a layi ɗaya, fulogi shida, dogo kamar kwalekwale. Kafireto biyu a gefe. Ya ce tagwaye ne, in ɗaya ya fi ɗaya shan iska sai ta yi ta fushi, kuma ba da na'ura yake daidaita su ba, da kunne. Ya ɗauko guntun tiyo, ya sa baki ɗaya a kafireto ɗaya bakin a kunnena, na ji tana shaƙa. Ya mayar ɗayan, shaƙar iri ɗaya. Ya sa na kwanta a ƙasa na leƙa: birkin baya ba a jikin taya yake ba, can tsakiya aka ɓoye shi. Ya ce wata biyu wannan kaɗai ya ci masa, kuma duk bakaniken da ya taɓa irinta ya san zagi da Turanci. Ya ce lokacin da aka fito da ita, manyan motocin Ingila dogaye ne kamar ɗaki, ita ce ta zo a kwance, ƙasa-ƙasa, ga laushi ga gudu, har masu kuɗin ƙasashe suka yi ta layi.

Ishaya ya ce, "Yanzu dai za ta kai Zuru?"

Alhaji ya dube shi daga takalmi zuwa kai. "Ta kai Zuru tun ba a haife ka ba."

Muka fita gwaji. Ba ta da kuloci, giya uku ce tana canza wa kanta. Ƙafata ta hagu kuwa shekara ashirin tana taka kuloci, ba ta san an yi mata ritaya ba. Muna isa mahaɗar farko ta taka birki da dukan ƙarfinta, Ishaya ya gaisa da katako da goshi, karo na biyu a yini ɗaya. Alhaji ya ce in cire takalmin hagu in naɗe ƙafar a ƙarƙashin kujera. Haka na yi har gida.

Na so mu kama hanya ranar Juma'a, Alhaji ya ƙi. Ya ce akwai tiyon ruwa ɗaya da bai yarda da shi ba, kuma yana son ta kwana ta huce ya ji yadda za ta tashi da sanyin safe. Matarsa ta yi mana sakwara da miyar gyaɗa, da wani soyayyen cuku na nonon shanu mai jan baya. Na ci har na ji kunya, na ƙara. Ranar na kai shafi na shida, inda Baba ya yi bayanin man inji da yadda ake shafa wa kujeru mai.

A nan ne na ga abin da ya kusa kashe mu. A bayan motar, bisa kowace tayar baya, akwai murfin zuba mai, ɗaya hagu ɗaya dama. Na nuna wa Ishaya. Ya ce, "Motar manya ke nan, Yaya. Don kada mai ita ya wahala da juyawa a gidan mai. Tanki ɗaya ne, baki biyu." Ba zan ɗora masa shi kaɗai ba. Ni ne direba, kuma na ce, "Lallai Bature ya san hutu." Alhaji na tsaye taku biyar daga wurin, ban tambaye shi ba. Shi kuma ya ɗauka 'ya'yan gida sun san halin uwarsu. Abin da ya ce da za mu rabu kawai shi ne, "Na cika mata ciki. Ku gaida Manjo."

Asabar da asuba muka taso. Sujada gobe ƙarfe tara.

Jama'a, na ja mota a rayuwata, amma ranar na san ana zama a cikin mota. Ramin da zai sa a-kori-kurata ta yi tsalle buhu ya faɗo, Damisa sai ta haɗiye shi ba ka ji ba. Injin ba ya ƙara, numfashi yake. Matsala ɗaya, ina zaune ta gefen daji, ba na ganin abin da ke zuwa in zan wuce babbar mota. Dole Ishaya ya zama idona. "Fito, Yaya. A'a koma! Koma! To fito." Kafin Kandi muryarsa ta dushe. A wani shinge jandarma, wato ɗan sandansu, ya zo tagar hagu ya nemi lasin a wurin Ishaya. Ishaya ya ɗaga hannu biyu ya nuna masa babu sitiyari. Mutumin ya leƙa, ya zagayo wajena, ya sake komawa, sannan ya kira abokan aikinsa su zo su gani. Sai da suka ɗauki hoto da 'yar damisar suka bar mu.

Bayan Kandi na ga allurar agogon mai ta kwanta kusa da ƙasa. Muka tsaya wurin wata mai kwalabe a gefen dama na hanya, na buɗe murfin da ke kusa da ita, na dama. Ta kafa mazurari ta fara zubawa. Ko rabin kwalba bai shiga ba mai ya tumbatso, ya wanke wa Ishaya takalmi.

"Ka gani?" in ji shi. "A cike take. Agogon ne ya mutu. Tsufa."

Na ce haka ne, agogon a-kori-kurata ma ya shekara goma bai motsa ba. Muka yi wa agogo dariya muka wuce.

Saura kaɗan mu kai Sagbana, garin ƙarshe kafin iyaka, wajen ƙarfe biyu, Damisa ta yi tari sau biyu a hankali, kamar mai neman izinin magana. Sai ta yi shiru. Na gangara da ita gindin wata kaɗanya.

Duk abin da direba ya sani na yi. Na duba batir, na cire fulogai shida na goge na mayar, na bi wayoyi ɗaya bayan ɗaya. Na tsoma kara a bakin dama, ya fito jiƙe har wuya. Na hagu kuwa ban buɗe ba, tunda mun riga mun gama magana cewa tanki ɗaya ne. In na murɗa makulli sai ta yi ta juyi ba ta kamawa. Wayoyinmu babu sabis.

Ishaya ya zauna a kan dutse ya cire kwat. Na zaci zai ce ai ya faɗa. Sai ya ce:

"Yaya, ka san tun ranar Litinin Baba ya sa aka goge masa lambobin yabonsa? Gobe zai tsaya a ƙofar gida, duk unguwa na kallo. Mama kuma ka san ta, ta ce ba ta hawa wata, ba za ta hau ba. Wannan kunyar nake guje masa tun farko. Ba motar na tsana ba."

Ban taɓa jin ya yi magana haka ba. Na ce, "Rana ba ta faɗi ba tukuna."

"Ƙarfe shida za su rufe iyaka."

Wani manomi ya zo wucewa a babur, Ishaya ya hau bayansa, ya ce zai nemi inda waya ke kamawa ya sa a kai jif Zuru, ko Mama za ta haƙura. Na rage ni da Damisa.

Ba ni da sauran dabara, sai na zauna a inuwa na ciro littafin. Shafi na bakwai, iskar taya. Na so in tsallake, amma malamarmu ta hana mu tsallake layi, ta ce wanda ka tsallake shi za a tambaye ka. Na bi da yatsa har ƙasa. Shafi na takwas, ruwan lagireto, da labarin wata rana da ta yi zafi a hanyar Kaduna. Baba ya ba labarin nan shafi guda cur, inuwar kaɗanya tana ta matsawa ina binta. Na juya na tara.

"Damisa ciki biyu gare ta, na hagu da na dama, kuma ba sa haɗuwa. Agogon mai yana nuna cikin da take sha ne kaɗai. In ɗaya ya ƙare, kada ka buɗe bonet, kada ka zagi kowa. Danna maɓallin da ke da ɗigon ja, ka jira ka ji ƙas-ƙas a baya."

Sau uku na karanta, don kada ya zama ni ne na haɗa haruffan yadda nake so. Na shiga na duba maɓallan nan da na yi kwana uku ina tsoron taɓawa. A kan ɗaya akwai ɗan ɗigo, ya koɗe har ya koma ruwan ƙasa, kamar kashin ƙuda. Na murɗa makulli rabi, na danna. Daga baya na ji ƙas, ƙas, ƙas-ƙas-ƙas. Allurar agogon da muka yi wa dariya ta miƙe a hankali har ta kai ƙarshe. Ashe shi kaɗai ne mai gaskiya a cikinmu. Na ce, "Ranki ya daɗe, a yi haƙuri." Na murɗa. Ta tashi.

Na samu Ishaya bayan kamar mil biyu, tsaye a kan suri, ya ɗaga waya sama yana juyi. Motar ba ta da ƙara, har na tsaya a bayansa bai ji ba. Na danna ham. Saura kaɗan ya faɗo.

"Yaya! Me ka yi mata?"

"Tarihi na karanta, Ogan Abuja. Shafi na tara."

Ina jin daga nan maganar karatu a kunne ta samo asali, don shi ya fara ba da labarin a tasha. Ya shiga, ya karɓi littafin, ya karanta na tara. Sannan ya karanta mini na goma da na sha ɗaya da babbar murya, ko akwai wani abin da ke jiran mu.

Muka tsallake iyaka saura minti ashirin a rufe. Jami'in nan ya gane ni, ya ce, "Malam, ya mutanen Yohanna?" Na ce suna gaishe shi. Magariba ta yi mana a Koko, muka kwana, don ba mai hankalin da ke bin hanyar nan da duhu. Da asuba muka shiga gidan mai. Na sa aka cika hagu, na ja tiyo na zagaya aka cika dama, Ishaya na tsaye yana yi wa mai zubawa bayani kamar shi ya ƙera ta.

Ƙarfe takwas da 'yan mintoci muka shiga unguwa. Baba na tsaye a ƙofar gida, da kwat da lambobi, ya dogara sanda. Saratu ta ce tun ƙarfe shida yake wurin, an kawo kujera ya ƙi. Na tsaya a gabansa na fito, ƙafa ɗaya ba takalmi. Bai dube ni ba. Ya ɗora hannu a kan 'yar damisar, ya daɗe. Sannan ya ce, da ƙarfi irin na mai nauyin kunne:

"Ta tsaya a hanya?"

"Ta tsaya, Baba. Kafin Sagbana."

"A wane shafi kake lokacin?"

"Na shida."

"Hm. Da ka fara daga baya."

Mama ta fito da ashobinta da ɗaurin kai kamar rumfa, ta ji ƙarshen maganar. Ta ce, "Au, bai rubuta maka nasa ba? Ranar da ya ɗauko ni, tsakanin Kanya da nan ta mutu. Ya san maɓallin sarai, amma ranar hankalinsa ba ya jikinsa. Shi da ƙannensa suka yi ta turi cikin rana, da kakinsa da komai, ni ina ciki ina kuka an ce amarya ba ta sauka. Sai da suka tura mil guda ya tuna. Wannan ɗigon jan farcena ne."

Baba ya ce, "Me take cewa?"

"Na ce ka yi kyau!"

"To. Yohanna, golmo ya cika."

Idon Baba bai kai na tuƙi ba yanzu, saboda haka suka zauna a baya su biyu, inda kaji ke ƙwai. Ishaya ya riga ni buɗe musu ƙofa, yana goge sawun yatsu a jikin fenti da hankicinsa. Na sa hannu zan tayar, Mama ta ce in dakata. Ta aika Saratu ɗaki ta kawo jan farce. Mama ta miƙo hannu ta tsakanin kujeru, ta ɗiga sabo a kan tsohon ɗigon.

"Saboda na bayanku," in ji ta. "Mazan gidan nan duk ɗaya ne. Ja mu je, kada a fara waƙa ba mu."

Masu tambaya, iyakar abin da ya faru ke nan. Wanda ya ji an ƙara wani abu a teburin mai shayi, ya zo gindin mangwaro da yamma in nuna masa ɗigon.